Godiyar da Ta Riga Ruwa

Na san abin da ake faɗa a kaina cikin dangi, na kuma san kun ji, domin ba wanda yake rage murya in an zo kan maganata. Ana cewa ranar zaman makokin yayana, Baffanku Mande, babban baƙo ya taso tun daga birni ya zo mana ta'aziyya, ni kuma na bar shi ya tashi ya shiga mota ban ce masa an gode ba. Haka aka yi, ban musa ba. Wasunku suna wurin, na ga yadda kuka sunkuyar da kai. Ban yi muku bayani a lokacin ba saboda bakina ya yi nauyi. Yanzu kuwa ƙafa ta hana ni kasuwa, ba ni da aiki sai zama a zaure, to bari in yi amfani da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya in gaya muku inda abin ya samo asali. Ba wanke kaina nake so in yi ba. Na dai gaji da jin ana fara labarin daga ƙarshensa.

Ni dillalin hatsi ne, kun sani. Ƙuruciyata da ƙarfina duk a kasuwannin Bukkuyum da Gummi da Anka suka ƙare, ina tsaye tsakanin manomi da mai saye, kowa yana zargina da cin amanarsa. Sana'ar nan ta saka mini wani hali da mutane ba sa so: ba na yabon buhu sai na kwance bakinsa na tura hannu har tsakiya. Na sha ganin gero mai kyau a sama, ƙasa kuwa ƙaiƙayi da tsakuwa, kuma sau da yawa mai buhun mutumin kirki ne da muke sahu ɗaya a masallaci. Uwarku Hassi takan ce ko tuwo ta ajiye mini sai na leƙa ƙarƙashinsa. Yayana Mande ba haka yake ba. Shi ya gaji Baba a sarautar maigari, ya kuma gaji sanyin halinsa. Mutum ne da in ka ba shi ruwa a moɗa zai yi maka addu'a har ta kai kan jikokinka.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda ta biyo bayan mutuwar yara. Manyanku suna tunawa. Zinari ya bayyana a dajinmu, kowa ya ajiye fartanya, ana kwaso dutse a buhuna a kawo cikin gida, mata su daka a turmin da suke daka hatsi, a kai injin niƙa, a wanke garin a tafkin bayan gari. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen. Mun fara jin labari daga Dareta da Abare cewa yara suna jijjiga suna mutuwa, muna cewa Allah ya kyauta, ba mu ankara ba abin ya shigo mana. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yau ba na iyawa. Autarmu Luba tana cikin waɗanda suka kwanta, lokacin ba a daɗe da yaye ta ba. Allah ya sa tana da sauran kwana, aka kai ta asibiti a Anka, likitocin nan da suka zo daga waje suka yi ta ba ta magani har ta miƙe. Ta dawo gida da surutunta, tana bin kaji tana kiran kowa da sunansa, har da Maigari, wanda ba mai kama sunansa a gidan sai ita.

Bayan haka aka turo ma'aikata suka kankare ƙasar gidajenmu, suka zuba sabuwa. Sun yi aiki, Allah ya saka musu. Amma kafin su tafi, wata ma'aikaciyar lafiya ta tara mu a ƙofar gidan Maigari ta ce tafkin nan ya lalace, rijiyar da ke gefensa ma ba ta yarda da ita ba, kuma yaran da suka taɓa kwanciya su ne abin ji, domin jikinsu ba zai ɗauki karo na biyu ba. Rijiyar nan kuwa ita kaɗai gare mu. Tun daga ranar na sayi jarkoki, kullum ina ɗaura su a babur in je garin da ke gaba da mu in ɗebo wa Luba ruwan sha. Sauran gida muna shan na rijiya, muna cewa mu mun riga mun tsufa.

Ana nan sai iskar zaɓe ta kaɗa. Akwai wani ɗan siyasa da yake wakiltar yankinmu, ba zan kama sunansa ko na kujerarsa ba, Onarabul muke ce masa, ku ma ku tsaya a haka. Ya zo jaje, ya zauna a tabarma ɗaya da mu, ya yi hawaye, kuma ban ce na ƙarya ba ne. Ya ce zai yi mana famfon tuƙa-tuƙa. Ba a jima ba sai ga mota da injin haƙa. Gari ya ruɗe, mata suna leƙe ta katanga, yara sun ƙi makarantar allo. Aka yi ta haƙa daidai ƙofar gidan Maigari, aka daɓe wurin da siminti, aka ɗora kan famfo sabo fil, aka kafa allo mai hoton Onarabul yana murmushi. Ranar da aka ɗora kan, Baffanku da kansa ya ɗaga Luba ya kama mata hannun famfon tana lilo tana ƙyalƙyala dariya. Ba abin da ya fito sai ƙara. Ɗan kwangilar ya ce sun ci karo da dutse, sai an kawo wani injin da ƙarin bututu, mako mai zuwa in Allah ya yarda. Suka naɗe kayansu suka tafi.

A nan ne maganar godiya ta taso. Ku da kuka tashi a birni ba lallai ku gane nauyinta ba. A wurinmu in babba ya yi wa gari alheri, ba a barin abin ya huce. Dattawa sukan sa manyan riguna, a ja rago, a ɗauki maroƙi, a je har gida a durƙusa a yi godiya. Jinkirta ta butulci ne, kuma garin da aka sani da butulci ba ya sake ganin alheri. Ragon da ya fi kowane kyau a gari kuwa na uwarku ne, wanda ta yi ta kiwo da dusa da harawa. Da la'asar Yaya Mande ya shigo zaurena, abin da ba ya yi, domin ni nake zuwa wurinsa.

"Sahabi, jibi za mu tahi godiya," in ji shi. "Ragon ga na Hassi nika so, in an yi kaka in maida mata da wani."

"Yaya, godiyar mi? Ruwa ya hito?"

"Ruwa na tahe. Ai ka ga aikin da anka yi da idonka."

"Na ga siminti, na ga ƙarhe. A bari ruwa shi zubo, ni da kaina zan ja ragon ga har ƙohwar gida nai."

Daga nan ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro, kuma ina so ku ji dalilinsa, domin ba wawa ba ne, ba a kuma saye shi ba, duk wanda ya gaya muku haka ya yi masa ƙarya. A ganinsa godiya igiya ce. In ka yabi babba a bainar jama'a, kunya za ta ɗaure shi ya ƙarasa abin da ya fara. In ka yi shiru kuwa, sai ya juya ga garin da ya san darajarsa. Haka Baba ya yi da hakiman zamaninsa, kuma ya ci nasara. Abin da Yaya bai lura da shi ba, hakimin zamanin Baba yana nan kusa, ana haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wurin jana'iza, kunya tana da inda za ta same shi. Onarabul kuwa gidansa yana birni, da maigadi a ƙofa. Na faɗa masa haka, amma ban iya faɗa da daɗi ba. Na ce kuɗin famfon nan ba daga rumbun Onarabul ya fito ba, dukiyar jama'a ce, har da harajin da ake karɓa a hannuna kowace ranar kasuwa, kuma ban taɓa ganin inda mai saye ya durƙusa wa dillali tun ba a auna masa ba. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Kafin magariba magana ta kai wa Inna. Tana da rai lokacin, idonta ya tafi amma harshenta yana nan daram. Ta aiko aka kira ni. Kun san ba ta kama sunan Yaya saboda ɗan fari ne, wancan take ce masa.

"Kai Sahabi, yaushe kaz zama mai auna alheri da tiya?" ta ce. "Tashi ka bi wancan. Ba a barin babba shi tahi shi kaɗai duniya ta gani."

Na ce mata Inna, yara ne a tsakani. Ta ce ita ma ta binne jikoki, ba ni zan koya mata zafin abin ba. Na fito daga ɗakinta na kusa sakin maganar, domin ban taɓa ƙetare umarninta ba. Uwarku ce ta tsayar da ni. Tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam, ni ba ni da ta cewa cikin maganar maza. Amma ragon ga na Luba na. Ran da tas sha ruwan famfon ga, a zo a kwance shi."

Shi ke nan, ban je ba, rago bai je ba. Suka sami wani ƙarami a wurin wani Bafulatani, suka cika motar haya, suka tafi. Na tsaya a bakin zaure ina kallo, ba wanda ya ɗaga mini hannu. Washegari da hantsi ina kasuwar Gummi, mai shayi ya ƙara muryar rediyonsa, sai na ji yayana. Yana godiya ga Allah, yana godiya ga Onarabul, yana cewa yaranmu sun rabu da ruwan guba, yanzu ruwa mai tsabta suke sha. Ba ƙarya ya yi niyya ba. Godiya ba a sa mata sharaɗi, ba a cewa mun gode in an ƙarasa, cika ta ake yi. Maroƙi ya ɗora nasa a kai. Mutanen da ke wurin mai shayi suka yi ta yi mini barka, ni kuwa na ajiye kofina na tashi.

Mako ya zo ya wuce, zaɓe ya zo ya wuce, garinmu ya zuba wa Onarabul ƙuri'a kamar ba gobe. Injin bai dawo ba. Yaya ya aika, aka ce a ƙara haƙuri. Ya je da kansa, aka ba shi lemo aka rako shi har mota. Da na ga haka na fara zuwa ofishin Onarabul ni ma, duk ranar da kasuwa ta kai ni kusa. Na yi ta zaman benci har masu shara suka san ni. Wata rana wani matashi mai kula da ayyukan ya tausaya mini, ya kira ni ciki, ya yi mini magana da ladabi.

"Baba, garinku ai an gama. Maigarinku da bakinsa ya faɗa, duk jiha ta ji. Akwai garuruwan da ko rami ba a haƙa musu ba, yanzu layinsu ne."

Na ce ya zo ya buga famfon ya gani. Ya ce ya yarda da ni, amma aikin da aka riga aka ƙaddamar aka yi godiya a kansa ba a sake ware masa kuɗi, sai dai in ya lalace a nemi gyara, kuma abin da bai taɓa aiki ba ba a ce ya lalace ba. Na fito na hau babur ɗina. A hanya na yi ta juya abin da idon ɗan kasuwa, na ga ba wani sihiri a ciki. Mun nuna musu cewa kan famfo da allo suna kawo ƙuri'a da rago daidai da famfo mai ruwa. To wane mai hankali ne zai sayi abu da tsada alhali an sallama masa da araha? Kafin zaɓe na gaba, duk hanyar da nake bi zuwa kasuwa ta cika da irin namu, kawunan famfo a tsaye kan siminti, awaki suna kwana a gindinsu.

A gida kuwa na zama ɗan adawa, ni da ban taɓa riƙe katin jam'iyya ba. Wasu har cewa suke yi ni na jawo, wai labari ya kai wa Onarabul cewa ƙanen Maigari ya hana rago, shi ya sa ransa ya ɓaci. Aka zo rabon takin zamani aka tsallake ni. Ni da Yaya sai gaisuwar masallaci. Inna ta rasu ba ta ga mun zauna a tabarma ɗaya ba, wannan yana cikin abin da na biya, kuma har gobe yana ci mini rai. Duk da haka ban fasa ɗebo wa Luba ruwa ba. Sai dai yaro ba a tsare shi kamar tunkiya. Tana shiga maƙwabta wasa, ƙishi ya kama ta, a ɗebo mata a randa, wa zai hana yaro ruwa? Da bazara ta yi tsanani sai jijjigar ta dawo. Muka sake komawa Anka. Ban san ko ruwan ne ko wata ƙurar da ta saura a wani lungu ba, likitocin ma ba su yanke mini ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban tabbatar ba. Abin da na sani, an gargaɗe mu a kan rijiyar nan, kuma ita muka ci gaba da sha. Luba ta rayu, amma ba ta dawo duka ba. Jikinta ya ci gaba da girma, hankalinta ya tsaya inda yake. Surutun nan duk ya zube, 'yan kalmomi suka rage mata: Inna, ruwa, sai kuma an gode, wadda uwarku ta koya mata ta riƙa faɗa wa baƙi.

Sauran kun san shi, ko da ba ku san ma'anarsa ba. Kullum da safe Luba takan ɗauki ɗan bokitinta ta je famfon nan ta yi ta bugawa, ta gaji, ta ɗora bokitin a ka ta dawo ba komai ciki, ba ta kuma damu ba. Ina jin ranar lilon nan ce ta zauna mata. Na hana, na ɓoye bokitin, ta yi ta kuka har na mayar mata. Ƙarfen ya yi tsatsa, ƙararsa tana kaiwa ƙarshen gari, kuma a ƙofar gidan Yaya yake. Shekaru yana karyawa da wannan ƙarar. Wata safiya na je janye ta, sai na same shi zaune a dakali, ya rame, carbi a hannu. Na ce ya yi haƙuri, zan sa a cire hannun famfon gaba ɗaya a huta.

"A'a, bar ta," ya ce. "Ni ya kamata in ji."

Ya matsa mini a dakalin na zauna. Ba mu ƙara cewa komai a kan maganar ba, ranar ko bayanta. Daga nan muka koma cin tuwo tare har Allah ya karɓi abinsa. Ku riƙe wannan game da Baffanku, ku bar sauran.

To, ranar makokinsa. Da hantsi ne, muna zaune a ƙofar gidansa, ni ne babba yanzu, ni ake yi wa gaisuwa. Sai ga motoci. Onarabul ne, ya ƙara girma a siyasa, ya ƙara jiki, furfura ta fito masa. Yaransa suka sauke buhunan shinkafa. Ya zauna kusa da ni, aka yi addu'a aka shafa, ya yabi marigayi da kalmomi masu kyau, ya ce bai taɓa ganin maigari mai godiya irinsa ba. Wuri ya yi shiru. Cikin shirun nan sai ƙarar famfo ta tashi daga bayan rumfar da aka kafa, Luba ta fito aikinta. Onarabul ya karkata kunne, fuskarsa ta washe.

"Ikon Allah. Ashe har yanzu famfon ga shina aiki."

Na dube shi da kyau, ina neman alamar ba'a, ban gani ba. Da gaske yake. Shi a saninsa ya ba mu ruwa, mun gode, magana ta ƙare tun tuni. Dattawan da ke wurin wasu suka ce alhamdulillahi, wasu suka dubi ƙasa, ba wanda ya gyara masa, domin ba a kawo ƙorafi wurin makoki. Na so in yi fushi, na nema a jikina ban samu ba, gajiya kawai na tarar.

"Ranka shi daɗe, ɗiyata ta," na ce. "Kullum sai ta buga."

Ya ce Allah ya yi mata albarka. Ya miƙe, jama'a suka miƙe, ya ba ni hannu ya ɗan dakata, yana jiran kalmar da kowane mai makoki yake sallamar baƙo da ita. Daidai nan Luba ta zagayo rumfar, budurwa sosai, bokiti a ka. Ta ga baƙo mai babbar riga, ta yi abin da uwarta ta koya mata. Ta durƙusa a gabansa, bokitin ya karkata, kowa ya ga cikinsa a bushe.

"An gode," ta ce.

Ya yi murmushi ya shafa aljihu, bai dubi bokitin ba. Ni kuwa na saki hannunsa na koma na zauna. Gidanmu ya riga ya yi masa godiya sau biyu, ta farko da bakin yayana, ta biyu da bakin Luba, ban ga abin da ya rage a wurina da zan ƙara masa ba.